Buhu Bakwai na Malam Ramalan

Duk wanda ya zauna Akokan, ko da na wata guda ne, ya san ƙarar nan. Da hantsi, daga rumfar kwanon da ke jingine da bangon gidan waya, sai ka ji taf, taf-taf, taf, can 'yar ƙararrawa ta kaɗa, hannu ya tura kan mashin baya, a shiga sabon layi. Malam Ramalan ke nan ya fito. Shekara arba'in da biyar bai sauya tsari ba. Ya sauke mashin ɗin buga wasiƙa daga bayan keke, ya goge shi da guntun tsohon rawani, ya ɗiga masa man keken ɗinki, ya yi bismillah, sannan ya ɗaga ido wajen Illi mai shayi. Kafin kofin farko ko gaisuwa da ka yake amsawa. Mu matan unguwa da shi muke auna lokaci. In mashin ya fara kuka, wadda ba ta ɗora tukunya ba ta makara.

To bana ya tashi daga rumfar. Yanar ido ta rufe masa gani, ɗansa Zayyadu ya zo daga Matamaye zai tafi da shi gida. Ba wanda zai shirya masa walima ko ya rataya masa lambar yabo, don a garin nan bai taɓa zama ma'aikacin kowa ba. Shi ya sa ya kamata a faɗi ko wane ne shi tun yana da kunnen ji.

Ingilishinsa a Kano ya samo shi. Yana saurayi ya bi kawunsa can, ya samu aikin share-share a wata maɗaba'a a Sabon Gari, wurin wani dattijo Bayarabe mai jera haruffan dalma da hannu. Shi ya nuna masa cewa manyan baƙaƙe akwatinsu daban, a sama ake ajiye su, sai ka miƙa hannu kafin ka ɗauko. Ya kuma koya masa inda ake sa su. Sunan Allah a Ingilishi da babban baƙi yake farawa, haka sunayen annabawa, da na littattafai masu tsarki, da na ranakun idi, da na addinai. Amma in ana maganar gumaka da abubuwan bauta barkatai, ƙarami ya ishe su, don ba suna ba ne. Malam Ramalan ya kan fassara wannan da cewa malamai suna da yawa a duniya, amma in ka ce Malam kana nufin wanda ya koya maka alif, ai sai ka gyara zama.

Ya zo nan ne lokacin da ramin haƙar ma'adinai na Akokan ke sabo. Wayyo, wa ya ga garin nan a lokacin. Motocin ma'aikata suna ta kai da kawowa, lantarki har a bakin titi, kasuwa cike da mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa, ga na Togo da Benin da Ghana da Najeriya, ga masu wucewa Tamanrasat da suke tsayawa su huta su nemi guzuri. Masu rubuta Faransanci ba a rasa su ba. Mai Ingilishi kuwa shi kaɗai ne. Duk wanda ke da uwa a Kumasi ko mata a Anacha, a bencinsa yake zama.

Abin da aka san shi da shi, in ya zo kan sunan Allah sai ya tsaya. Akwai maɓallin da ake dannewa don babban baƙi ya fito, in an danne shi kan mashin ya kan ɗan ɗaga sama. Sai ya danne da ƙaramin yatsa, ya ja numfashi, sannan ya buga. Yana cewa, "Kun gani, ƙarfe ma ya san ya miƙe." Kuma bai bambanta ba. Musulmi ne ya zauna ko Kirista, Alƙur'ani aka ambata ko Linjila, azumin Ramadan ko idin Ista, duk sai mashin ya miƙe.

Abokinsa Alhaji Dodo, ɗan kasuwa mutumin Tawa, bai taɓa barinsa ya huta a kan wannan ba. Wata rana yana leƙen wasiƙar wani Inyamuri ta kafaɗarsa, ya tambayi me aka rubuta, aka gaya masa.

"Wai Ramalan, mi ya sa kaka miƙe ma littahinsu awa namu? Ai sai ka ƙanƙanta shi kaɗan."

"Alhaji, in baƙo ya shigo shagonka da hula wadda ba irin taka ba, cire masa kake yi?"

"Hula daban, addini daban."

"Wasiƙarsa ce, ba tawa ba. Uwarsa za ta karanta, ta ga yadda mutanen garin da ɗanta yake suka ɗauke shi. Annabi Isa kuwa, in na ƙanƙanta sunansa, da wane ido zan shiga masallaci?"

"Allah dai ya tsare mu da ranar da za a ba ka limanci."

"Amin. Kai ma ya tsare mu da ladancinka, kada garin nan ya yi asuba da hantsi."

Inyamurin bai ji rabin maganar ba, amma ya fi kowa dariya.

Akwai kuma abu na biyu, wanda shi ne ya jawo wannan rubutu. Kowace wasiƙa da karbon yake buga ta, ta fito biyu, mai ita ya tafi da ɗaya, ɗaya ta rage. Ta neman aiki ko ta odar kaya, in ta kwana biyu sai ya ba masu ƙosai su yi ƙunshi. Amma duk takardar da sunan Allah ya hau kanta ba ya yaga ta, ba ya yar da ita, ko da kuskure ya yi ya zare ta tun a layin farko. Sai ya ninke ya sa a buhu. Mutanen Ghana da Najeriya kuwa ba sa buɗe wasiƙa sai da sunan Allah, ba sa rufe ta sai da shi. Buhu ya cika, aka ɗinke, aka ɗauko wani. Marigayiya matarsa ta yi mita har ta gaji. Ta kan ce mana, "Kowa ɗakinsa da buhun gero, mu namu da buhun gaisuwar mutane."

Kai ne, Malam, ka riƙe gaisuwar mutane shekara da shekaru ba tare da sanin ranarta ba. Kai ne bakin wanda ba shi da baki a garin da ba nasa ba.

Cikin masu zama a bencinsa akwai wani saurayi mutumin Ghana mai gyaran rediyo, sunansa Kobina. Ya zo ne zai wuce arewa, garin ya riƙe shi. Ya musulunta, aka sa masa Hamadi, ya auri Mina, 'yar masu lambu daga Timia, suka haifi 'ya mace, Lauratu. Duk wata biyu ya kan zo a rubuta wa uwarsa. Yarinyar ba ta cika shekara biyu ba mota ta kife da shi a hanyar Agadas. Malam Ramalan ne ya buga wasiƙar rasuwar, ya kai ta gidan waya da hannunsa. Shekarun tawaye ne, hanya ba lafiya, Mina ta ɗauki goyonta ta koma cikin duwatsu wurin iyayenta, amsa kuma ba ta zo ba. Magana ta mutu a nan.

Duniya ta yi ta juyawa. Wayar salula ta zo ta cinye wasiƙa. Samari suka bi zinariya zuwa Cibarakaten. Aka rufe ramin, gidaje suka yi ta zama kango, maƙwabtan da muka yi suna da biki tare suka ɗaure kaya ɗaya bayan ɗaya. Shi dai kullum yana fitowa, wani lokaci ya yini bai ga mutum ɗaya a benci ba, sai ya sa takarda ya yi ta buga abin da ya haddace don kada yatsu su manta.

Da Zayyadu ya zo ɗaukarsa, buhunan sun kai bakwai, kuma ba motar da za ta yarda ta ɗauke su. Aka je wurin liman. Ya ce a yi musu yadda ake yi wa tsofaffin takardun karatu, a haƙa rami a wuri mai tsabta bayan gari a binne. Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar, tafiya kuma Asabar.

Ranar Talata yana zaune a rumfa, ya ji inuwa ta tsaya a gabansa, da ƙanshin lemun tsami. Mace ce mai kimanin shekara talatin da 'yan kai, ta shigo motar kayan lambu daga Timia.

"Baba, kai ne mai mashin?"

"Ni ne abin da ya rage daga gare shi. Zauna, 'yata."

"Sunana Lauratu. Innata ta rasu bayan sallar layya. Kafin ta cika ta ce in je Akokan in nemi mai mashin, shi ya san inda ubana ya fito."

Ya miƙa hannu ya lalubi kofin shayinsa, ya tarar babu komai a ciki.

"'Yar Hamadi mai rediyo."

"Abin da na sani ke nan, Baba. Hamadi, da Ghana. Yarana uku, babbar ta fara tambayata su wa muke da su ta wajen uba. Duk ranar suna, dangin miji su cika gefe ɗaya, na inna su cika gefe ɗaya, in an ce ina dangin uban mai jego sai a yi shiru. Ba gado nake nema ba. Ina so in san ko akwai mutum ɗaya a duniya da zai ce ni tasa ce ta wannan gefen."

Ya tuna fuskar Kobina sarai, har da gibin haƙorinsa. Ya tuna sunan garin ma yana farawa da wani abu kamar Ta. Amma lambar akwatin gidan waya da sunan wanda ake bi ta hannunsa, shekara talatin ta share su. Suna cikin buhu, wane buhu kuwa Allah kaɗai ya sani, ga shi ko babban baƙi ba ya iya gani yanzu. Lauratu ba ta yi lakwal ba, wato boko. Zayyadu yana karanta Faransanci, amma da ya ji maganar sai ya riƙe kai.

"Baba, takarda ta fi dubu goma. Ga rami an haƙa, ga mota na kama mana wuri."

"Ramin ba ya gudu."

"Motar tana gudu."

"To ta gudu. Wanda ya zauna a bencina ya ce in rubuta masa, amana ya ba ni. Ban san tana da 'ya ba sai yau."

Ya murza gemu, ya ce a kira masa matan unguwa. Muka taru a tsakar gidansa, mu tara, mai karatun boko a cikinmu ba ta kai biyu ba. Ya ce ba karatu za mu yi ba, ƙasan takarda kawai za mu duba. Kobina tun da ya musulunta sau biyu yake sa hannu, Kobina don uwarsa ta gane ɗanta, Hamadi a ƙarƙashi don kada ya ɓoye mata abin da ya zama. Duk cikin masu zuwa wurinsa ba mai yin haka sai shi. Duk wadda ta ga sa hannu biyu, ɗaya bisa ɗaya, ta ware.

Aka shimfiɗa tabarmi, ya sa kowa ta yi alwala tukuna, aka farke buhu na farko. Kwana uku muna abu ɗaya daga hantsi zuwa la'asar. Takardun sun yi ja, wasu gara ta ɗanɗana gefensu, hannuwanmu suka yi shuɗi da karbon. Shi yana zaune a tsakiya, in takarda ta zame ƙasa sai ya ji ƙararta kafin mu gani, ya ce, "A ɗaga ta." Alhaji Dodo, da sandarsa da ciwon gwiwarsa, ya aiko da goro, ya zo da kansa ya zauna a bakin ƙofa yana cewa ai ya daɗe da faɗin buhunan nan za su yi rana. Malam ya ce, "Alhaji, ji tsoron Allah, ga mata suna jinka."

Laraba ba a samu ba. Alhamis buhu biyar sun ƙare ba a samu ba, Lauratu ta daina cin abinci, ta koma gefe tana juya takardu ba ta ko kallonsu sosai. Ranar Juma'a da hantsi, tsohuwa Lalla, Buzuwa maƙwabciyarsa wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, ta ɗaga wata takarda kusa da hancinta ta ce, "Lauratu, zo ka gani. Wannan ya sa hannu biyu."

A cikin buhu na shida suke, goma sha ɗaya, kusan a jere. Zayyadu ya karanto saman takardar harafi harafi, Malam yana haɗawa. Tarkwa ne garin, ta hannun shugaban wata makarantar mishan. Da aka zo jikin wasiƙar, Zayyadu yana tuntuɓe da Ingilishi, sai uban ya karɓe da ka, don shi ya buga ta, yana faɗi yana mayarwa da Hausa: da yardar Allah an yi mana haihuwa, mace ce, tana da goshinki. Lauratu ta sa hannu ta taɓa goshinta. Ba wadda ta iya kallon 'yar'uwarta a cikinmu.

Motar Asabar ta tafi ba su. Ran nan Malam ya sa aka kai masa mashin rumfa, ya ce wasiƙa ɗaya ta rage masa, zuwa Tarkwa. Bai ga takardar ba, yatsu ne suka yi aikinsu. Wani wanzamin zamani ɗan Ghana da ke aski a kasuwar Arlit ya ɗauki hoton wasiƙar da waya, ya tura wa ɗan'uwansa, shi kuma ya kai wa mutanen cocin Tarkwa, aka karanta ranar Lahadi a gaban jama'a.

Sati bakwai ba labari. Lauratu ta koma Timia ta sake dawowa. Zayyadu ya tafi ya bar uban, ya ce in ya gama taurin kansa ya kira shi. Mu kanmu mun fara cewa a bar wa Allah. Shi kuwa kullum yana rumfa da hantsi, ya ce wanda ya aika wasiƙa ba ya tashi daga inda amsa za ta same shi.

Wata Litinin wanzamin ya zo da sauri da waya a hannu. Aka kira Lauratu daga wurin masu kayan miya. Murya ce ta tsohuwa, da wani namiji kusa da ita yana Hausa irin ta mutanen zangon Ghana, shi ta nemo ya yi mata tafinta. Sunanta Araba, ƙanwar Kobina ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ce wasiƙar rasuwar ta iso tun a wancan lokaci. Sun rubuto sau uku ba amsa. Uwarsu ta rasu da daɗewa, kuma har ta koma ga Allah in an yi baƙo daga arewa sai ta tambaye shi ko ya san wata yarinya a garin da ake haƙar dutse.

Lauratu ta karɓi wayar da hannu biyu. Sai tafintan ya ce, "Gwaggonki na tambaya, wace rana aka haife ki? Su a nan da ranar haihuwa suke sa suna."

Ta juya ta dubi Malam. Ba ta sani ba, a Timia ba wanda ya taɓa riƙe mata wannan.

"Lahadi," in ji shi. "Ya zo mini Litinin da safe bai ko yi barci ba, ya ce jiya ne."

Aka faɗa wa tsohuwar. Muka ji ta yi wani sauti, ba kuka ba, ba dariya ba, ta yi ta maimaita kalma ɗaya. Tafintan ya ce, "Ta ce Esi. Sunanki ke nan a wurinsu. Sunan kakarki ne, ita ma 'yar Lahadi ce. Ta ce ki zo gida."

Malam Ramalan, mun gode. Mun gode a madadin waɗanda suka zauna a bencinka suka wuce, waɗanda suka isa da waɗanda hamada ta riƙe. Ba ka yi wa kowa wa'azi ba, ba ka tambayi kowa alƙiblarsa kafin ka sa takarda a mashin ba. Ka girmama abin da mutum ke girmamawa, kuma ba ka rage komai daga naka ba. Ramin da aka haƙa an mayar da ƙasarsa, liman ya ba da ɗaki a bayan masallaci aka jera buhunan, don tun da labarin ya bazu mutum biyu sun riga sun zo tambaya.

Ku kuma 'yan baya, masu rubutu da babban yatsa a kan waya, ba a ce ku tara buhu ba. Amma in aikin wani ya biyo ta hannunku, ko na baƙo ne wanda ba za ku sake gani ba, ku yi shi kamar wata rana 'yarsa za ta zo ta tsaya a gabanku.

Malam da Lauratu rana ɗaya suka tashi, mota ɗaya har Agadas, daga nan shi ya yi Damagaram hanyar Matamaye, ita ta yi hanyar Yamai zuwa Ghana da kwandon rumman na Timia da wasiƙu goma sha ɗaya a ƙulle cikin zane. A tasha, kafin su hau, ta durƙusa ta ce, "Baba, in na je me zan ce musu?"

Ya ce, "Ki ce musu ɗansu bai mutu a cikin baƙi ba. Sahu huɗu muka yi a kansa ranar jana'iza."